Ƙwan Kifi a Gidan Sauro

A bayan garinmu, kusa da Wara, akwai wani lungu na tafki mai ciyawar burugu. Idan farin ruwa na damina ya taso ya rufe ciyawar, nan kifi ke shiga ya zuba ƙwai. Babanmu bai taɓa yarda a jefa taru a wurin ba sai ruwa ya haɗiye wani kututturen giginya da ke tsakiya. Bai taɓa faɗa mana dalili ba, mari kawai muke sha.

Shekara biyu bayan rasuwarsa ruwan ya makara. Tafki ya ja baya, lungun ya yanke ya zama kududdufi, ɗumi kamar an dafa. Kifi ya taru a ciki yana jiran ruwa, kana ganin bayansu. Ni kuwa kwana tara ina dawowa da jirgi wayam, ga iyali. Na kwance gidan sauron da aka raba wa matata a asibiti, na ja shi daga wannan gefe zuwa wancan. Ko ɗan kifin da bai kai farce ba bai tsira ba.

Inna ce ta fara feɗe kifin a tsakar gida. Ta farka karfasa ɗaya, ta farka tarwaɗa, sai ta ajiye wuƙa. Ƙwai ne cike da kwano.

"Ina ka samo kifin ga?"

Na juya ina shanya gidan sauron. Ta sake tambaya:

"Kututturen ya nutse?"

"Inna, yunwa ake ji."

"To ci ka ƙoshi. Na baɗi ne ka kwaso muna."

Ba ta ɗaga murya ba. Na kasa cin kifin. Bayan kwana shida ruwa ya zo ya rufe burugu. Kullum da hantsi sai in je in tsuguna ina leƙen ciyawa ko zan ga 'ya'yan kifi. Babu motsi.

Maƙwabta sun ga abin da na samu, da ruwa ya sake makara kowa ya kwance gidan sauronsa. Yanzu da kifi ya yi ƙaranci, ma'aikata masu takalma suna zuwa da mota suna cewa yanayi ne ya canza. Wataƙila. Ni dai na san wanda ya fara.

Jirgin ya ruɓe. Kabu-kabu nake yi a Yelwa. In na ɗauki mai kwandon kifi, ba na tambayarta inda aka kamo shi.