Tiyon Maƙwabcina a Cikin Motata

Shekarun baya can, wajen tsakiyar shekarun saba'in, lokacin ina ƙaramin ma'aikacin gwamnati a Kaduna, wani ɗan garinmu ya yi mini abin da har yau ban manta ba. Jikokina suna cewa in na fara labarin nan har hular kaina rawa take yi. To ta yi ta rawa. Ku dai ku saurara.

A Badarawa muke haya. Gidan da ke manne da namu na wani malamin makaranta ne, Kirista, mutumin kudancin Kaduna, kowa Ticha yake ce masa. Zaman amana muka yi. Matarsa da maiɗakina tare suke zuwa kasuwa, ranar sunan ɗana na biyu ma anko suka yi, wata jar atamfa mai zanen kifi. Da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da ya sa kowa ya fara jin kansa, na sayi mota ta hannu. Ticha ya gani ya yaba, shi ma ya sayi irinta sak, launi ne kawai ya raba su. Duk lokacin da zai yi tafiya ba da mota ba, a hannuna yake barin makulli. Akwai wata ƙusa a bayan ƙofar falona, nan nake rataye shi. Kada ku ɗauki wannan ƙaramin abu. Mutumin da ko ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ba ya bari ya taɓa sitiyarinsa, ni yake miƙa wa makulli.

Ticha yana da taka-tsantsan har ya yi yawa. Duk abin da ke cikin injinsa sai da ya bi ya ɗiga masa jan farcen matarsa a wani lungu, wai kada makanikai su musanya masa kaya. Ni kuwa dariya nake yi masa. Na ce, "Ticha, bar wahalar da kanka. Ina da bakanike a Kawo, ɗan garinmu ne, Yaya yake ce mini. A garejinsa ba ka bukatar jan farce." Da bakina na faɗa, ba wanda ya sa ni.

Ana cikin zafin bazara sai motata ta fara iskanci. In na taka totur ta yi wani fito kamar buta a kan wuta, in na tsaya ta ƙi zama a silo, ta mutu. Na buɗe bonet na ga abin da ya faru. Tiyon iska ne ya tsage, wato baƙar robar nan mai kauri da ke kai iska daga tukunyar tace iska zuwa kafireto. Na tafi kantin kayan mota a cikin gari. Da mai kantin ya kira kuɗin sabo, sai da na tambaye shi ko da injin zai haɗa mini. Ya ce kaya sun maƙale a jiragen ruwa a Ikko, wato Legas, in ban saya yau ba gobe ma ya ƙara kuɗi. Na ce ya riƙe abinsa. Na dawo gida na buɗe kwandon ɗinkin maiɗakina, na ɗauki ragowar ƙyallen ankon nan mai kifi, na naɗe tsagar da shi, na bi da tsohuwar robar tayar keke na ɗaure tamau. Na ja da baya ina kallon aikina kamar wani injiniya. Bai yi kwana nawa ba fiton ya dawo.

A daidai lokacin aka ba da hutun makaranta, aka tura Ticha wani kwas a Zariya. Ya kawo mini makulli kamar yadda ya saba, ya ce, "Malam, don Allah ka kai mini ita wurin mutuminka a canza mata mai a duba ta. Ina dawowa za mu wuce gida bikin Ista. Mama ƙafa ta hana ta zuwa coci, na yi mata alkawari bana a motata zan kai ta har bakin ƙofa."

Na ce, "An gama, Ticha. Ka tafi hankalinka kwance."

Na kai motarsa Kawo, washegari na kai tawa. Na nuna wa ɗan garin namu tiyona, na ce, "Sabo ya fi ƙarfina. Ka nemo mini mai sauƙi, ko a ina ne ka nemo." Ya ce in je in dawo da yamma. Da na dawo sai ga tiyo a motata, lafiyayye, ko ƙwarzane babu. Abin da ya karɓa bai kai rabin na kanti ba. Na tambaye shi inda ya samu, ya ce, "Haba Yaya, kai dai ka hau motarka." Na yi ta sa masa albarka. Na tuƙo har Badarawa ina jin injin yana tafiya sumul, ina yaba wa kaina dabara.

Ana gobe Ticha zai dawo na je na ɗauko motarsa. Ɗan garin namu ya wanke ta tas, ya buɗe mini ƙofa, har da cewa in gaida Ticha. A hanya na ji tana ɗan tari, na ce ko don ta kwana biyu a ajiye ne. Da Ticha ya iso muka zauna a ƙofar gida, ni sarkin surutu na kwashe labarin tiyo na ba shi. Na ce, "Ka ga amfanin ɗan gari? Kusan kyauta na samu." Ya ce ya taya ni murna.

Washegari da hantsi suka loda kaya. Buhun shinkafa a but, yara a baya da sababbin kaya, matarsa a gaba da kwanon cincin a cinya. Muka yi musu a sauka lafiya. Ban gama shan kunu ba na ji fito a bakin layi. Fiton da na sani. Ko gadar kogin Kaduna ba su kai ba motar ta dinga mutuwa, da ƙyar suka lallaɓo ta gida.

Ticha ya leƙo ya ce, "Malam, zo ka ji abin da take yi."

Muka buɗe bonet. Tiyon a naɗe yake da baƙin salatif tun daga sama har ƙasa, zafin inji ya narkar da gam ɗin, baki ɗaya ya ɗaye. A ƙarƙashinsa ga robar tayar keke. A ƙarƙashin robar kuma ga jan ƙyalle ya leƙo, da kan kifi a jiki. Matar Ticha ta fito daga mota ta leƙa, ta ce, "Ah ah! Wannan ba atamfar ankonmu ba ce?" Tana faɗa ta kama bakinta.

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ni da kaina na je na buɗe bonet ɗin motata, na sa hannu na juya tiyon da nake ta alfahari da shi. Ga ɗigon jan farce nan a ƙasansa.

Ku auna abin yadda Ticha zai auna shi. Mota a hannuna ya bari. Makulli a bayan ƙofata ya kwana. Ruɓaɓɓen tiyona yana cikin motarsa, lafiyayyen nasa yana cikin tawa. Jiya-jiya kuma na zauna ina cika masa baki na samu kaya da araha. Ko alƙali ne ni, ni zan ɗaure kaina.

Na ce, "Ticha, na rantse da Allah ban sani ba."

Ya ce, "Ba komai, Malam."

Na ɗauko sukudireba na kwance tiyon daga motata na mayar masa, injinsa da zafi, na ƙone yatsu ban ma ji ba. Motar ta tashi lafiya lau. Ya ce ya gode. Godiyar nan ta fi mari ciwo. Suka tafi, yaran ne kawai suka ɗaga mini hannu.

Ko hula ban tsaya ɗauka ba na shiga motar haya sai Kawo. Na sami ɗan garin namu a ƙarƙashin wata mota, na ce ya fito. Ya fito yana goge hannu yana murmushi, na jefa masa ruɓaɓɓen tiyon a ƙirji.

"Kai wane irin marar mutunci ne? Amanar da aka ba ni ita ka kwance ka sayar mini?"

"Yaya, yi a hankali, ba sayarwa na yi ba. Aro ne."

"Aro? Wa ka tambaya?"

"Haka aikin yake, Yaya. Motar da ke sauri ita ake fara sallama. Tasa tana ajiye, taka tana kan hanya. Na ba da saƙo Kano a kawo wani, da ya iso in mayar masa, ba wanda zai sani. Direban ne bai dawo ba."

"To ranar da na zo ɗaukar motarsa, bakinka ciwo yake yi? Har da a gaida Ticha!"

Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kunyarka na ji, Yaya."

Kun ji fa! Kunyata ya ji. Bai ji kunyar kwance wa mutum mota ba, bai ji kunyar naɗe ƙyallen matata da salatif ya tura iyali guda kan hanyar kudu ba, faɗa mini gaskiya ce abin kunya. Da motar nan a tsakiyar daji ta mutu musu da yara fa? Na ɗaga murya har masu sayar da rake na bakin tasha suka taso kallo. Makanikai suka kewaye ni ana ta a yi haƙuri. Wani dattijo a cikinsu, wanda nake zaton zai tsawata masa, sai cewa ya yi, "Alhaji, ai kowane gareji ana yi. Mota da mota 'yan'uwan juna ne. Rashin sa'a ne kawai aka yi." Na ce, "Baba, ni ban je Makka ba tukuna, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ga shi yau ni ya bari tsirara a gaban maƙwabcina." Na ce ban yafe ba sai ya zo har Badarawa ya faɗa wa Ticha da bakinsa.

Ticha ya dawo bayan Ista. Sun isa lafiya, ya kai tsohuwarsa coci kamar yadda ya yi alkawari, har ta aiko mana da doya. Na ji sanyi, na ce saura wanke kaina. Na je na taso ɗan garin namu a gaba har ƙofar gidan Ticha. Ya durƙusa ya ce, "Ticha, ka yi haƙuri, ni na cire. Amma Yaya ne ya matsa mini. Cewa ya yi ko a ina ne in nemo."

Kai! Kai! Na ce, "Ko a ina ne na ce, na ce maka a motar maƙwabcina?" Na yi kansa, Ticha ne ya riƙe mini hannu. Abin haushin, kalmar tawa ce, ban isa in ce ban faɗa ba. Na kawo shi ya wanke ni, ya ƙara shafa mini baƙin mai.

Ticha ya ce, "Ya isa, Malam. Na san halinka. Ya wuce."

Tiyon motata kuwa daga baya a Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa, na samo shi. Na tsaya a kan wata mota da ta yi hatsari, aka kwance shi a gabana, kuɗinsa bai ma kai abin da ɗan garin namu ya karɓa ba. Na ɗaura abina da hannuna, har na sayar da motar bai sake fito ba. Tun daga ranar, duk kayan hannu da za a sa mini sai na ga gawar motar da aka ciro shi. In bakanike ya ce mini "kai dai ka hau motarka", nan take nake sauka. Araha ba laifi ba ce, amma ka tambaya a jikin wa aka yanko ta. Ɗan garin namu kuwa ban sake taka garejinsa ba. Ya aiko manya, mun haɗu a biki da jana'iza, na amsa sallamarsa don ita hakki ce, iyakarta ke nan.

Mutane suna cewa abin ai bai kai ya kawo ba, robar mota ce. Su ba su san abin da aka cire mini ba. Ni da Ticha ba mu taɓa yin faɗa ba. Muka ci gaba da gaisawa, abincin Sallah yana shiga gidansa, na Kirsimeti yana shigowa nawa, matanmu suka sake yin wani ankon. Da damina ta tsaya aka sake tura shi Zariya. Da safe na ji motsinsa, na fito na tsaya a ƙofar gida kamar ina duba taya. Ya lulluɓe motarsa da tamfol, ya zo muka gaisa, ya ce in sa ido a kan gida. Na ce to. Ina kallo ya sa makullin a aljihun wandonsa, ya ɗauki jakarsa ya nufi bakin titi.

Mun ƙara shekaru a layin nan kafin a yi masa canjin wurin aiki. Ƙusar tana nan a bayan ƙofa har muka tashi daga gidan. Maiɗakina ta so ta riƙa rataye tsintsiya a jiki, na hana.