Zayyad da Sandar Limancin Gazara

"...na ce ku kashe injin nan mana! Hassana, ajiye ƙwaryar ki zo! A kira Inna! Zayyad zai tafi Jamus, wallahi zai tafi, da kunnena na ji!"

Haka na faɗo gida ina ihu, tsakar gida cike da mata, har da matata Hassana, ana ɓarzar masara, kaji suna ta watsewa. Amma bari in ɗauko muku daga tushe, don wanda bai san gidanmu ba ba zai gane abin murnar ba.

Ni ne Tanko na gidan Liman, nan Gazara ta ƙasar Makarfi. Rake nake nomawa, ina dafa mazarƙwaila. Boko firamare na gama, ita ma da ƙyar, ranar da na fita hedimasta ya fi ni murna. Zayyad ƙanena ne, shi ke bi na.

Gidanmu akwai tsari tun kakanni. Babban ɗa ya riƙe gona, mai bi masa ya riƙe sandar limanci. Babanmu, Allah ya jiƙansa, shi ya yi gona. Ƙanensa, Baffa Iliyasu, shi ne Liman. Baffa kuwa 'ya'yansa duk mata, saboda haka tun ranar sunan Zayyad kowa ya san inda sanda ta nufa. Tun yana yawo ba wando ake ce masa Na'ibi.

Karatu dai ya yi shi gaban Baffa, ba laifi. Ciwonsa ɗaya ne: wa ya haifi wa. Tsofaffi har ɓuya suke in sun hango shi. "Iya, kakarki ta wajen uwa daga Paki aka kawo ta ko daga Gubuchi?" A gona kuwa sai addu'a. Na taɓa ba shi gadin rake, na dawo na tarar da shanun Bobbo, Bafulatanin da ke maƙwabtaka da mu, sun shiga suna ta sha'aninsu. Shi kuma gogan yana inuwa da Bobbo, yana jero masa kakanninsa. Bobbo ma ya manta da shanun.

Da ya shiga jami'a a Zariya sai ya ɗauki tarihi, ba wanda ya yi mamaki. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne da ya fara koyon Jamusanci a waya. Yana ɗaki yana ta kakari a maƙogwaro, Inna ta ce mura ce, ta dafa masa citta da kanumfari. Ya shanye, don bai iya musu da ita.

Wata rana ina juya mazarƙwaila ya zo ya tsuguna nesa da wuta, kamar kullum.

Ya ce, "Yaya, ka san a Jamus, shekaru aru-aru da suka wuce, a manyan gidaje babban ɗa ke gadon gida da ƙasa?"

Na ce, "Masu hankali."

"Ƙaramin kuma a kai shi coci tun yana yaro, a yi ta tura shi gaba har ya zama bishof, wato babban limaminsu. Bishof a lokacin ba wa'azi kaɗai ba ne, yana da ƙasa, yana da mayaƙa, sarki ma yana lallaɓa shi. Ga shi ba ya aure, ba ɗan da zai gaje shi. Sai dangi su shirya ɗan wansa ko ɗan ƙanensa. Akwai wani gida, Berg, kujerar bishof ta birnin Kolon ta yi ta komawa hannunsu."

Na saki muciya. Na ce, "Kai, wannan ai gidanmu ne! Sun taɓa zuwa Gazara ne?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce a kan wannan yake rubutunsa.

To bara sai wata jami'a a can ta ce ya zo ya ƙaro karatu a kan gidajen nan, su za su ɗauki nauyinsa, amma suna son amsa kafin wata ya ƙare. Kafin magana ta fita ƙofar gida ta canza kama. A bakin Samira mai ƙosai na ji cewa Zayyad za a naɗa bishof, har an auna kansa don hula. Na ce mata, "Wanda ko gadin rake bai iya ba?"

Baffa bai yi dariya ba. Abu ɗaya ya ce: "Sanda fa?" Zayyad kuma ya rantse ko jirgin ya sauka a fadamarmu ba zai hau ba sai Baffa ya ce je ka. Na san shi, in ya faɗa ya zauna.

Na ja shi muka je zaure bayan la'asar. Muka gaisa, muka sake gaisawa, Baffa ya tambayi rake, ya tambayi yara, sannan ya dubi Zayyad.

"Me ka ɓatar a cocin Jamusawa da za ka je nema?"

"Allah gafarta Malam, ba ibadarsu zan je yi ba. Tarihin gidajensu ne, yadda suke riƙe kujera."

Ya ba shi labarin kamar yadda ya ba ni. Baffa da ya fara da ɗaure fuska, sai ga shi ya gyara zama.

"To shi bishof ɗin wa ke zaɓensa?"

"Akwai dattawan coci, su ke zaɓe."

"Su dattawan 'ya'yan wa?"

"'Ya'yan gidajen nan dai, Baffa."

Baffa ya tuntsire da dariya har rawani ya karkace. "'Yan duniya! To in akwai wanda ya fi ɗan gidan sani fa?"

"Sau da yawa sai ya yi ta zama a baya."

Nan dariyar ta tsaya. Don daga zauren ana jin muryar Malam Salman yana biya wa yara karatu a masallaci. Salman ɗan Bobbo ne. Ya yi karatu mai zurfi, duk ranar da gwiwar Baffa ta motsa shi ke jan salla, shekara da shekaru, amma ba mai ce masa komai sai Malamin ruga.

Baffa ya ce, "Yaro, ni kake wa habaici?"

"Wallahi Baffa, Jamusawa nake faɗa."

"Ku tashi ku ba ni wuri."

Daga nan shiru. Kullum Baffa sai ya ja salla, ya shige gida. Wata yana ta tafiya. Zayyad ya rage cin tuwo, ya ce ya haƙura, gara ya fara koyon gona. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Ranar farko ya sare mini raken da bai nuna ba, layi guda. Na je wajen Inna na ce ta sa baki, ko ba don shi ba don rakena. Ta ce ita ba ta shiga tsakanin Liman da sandarsa.

Ranar kasuwar Makarfi aka ce an ga Baffa bayan acaɓa, shi da dagaci, ba wanda ya gaya wa inda za shi. Ina bakin injin matse rake wayata ta yi ƙara. Baffa! Mutumin da ko kiransa ka yi sai jikarsa ta danna masa.

"Salamu alaikum! Tanko ne?"

"Ni ne, Baffa. Ina wuni? Ya gwiwa?"

"Gwiwa tana nan. Kai ne babba, kai zan gaya wa. Yanzu muka fito daga wajen Hakimi. Na'ibi Salman ne, ranar Juma'a za a sanar."

"Baffa! To Zayyad fa?"

"Ya amsa wa mutanen nan. Na yarda, Allah ya yi masa albarka. Ka ce ya riƙe salla, kuma an ce sanyinsu ba kyau, ya riƙa ɗumama ruwan alwala."

"Allahu Akbar! Baffa, Allah ya ƙara girma! Allah ya..."

"Daina ihu, kunnena! Saura ɗaya. In ya isa ya bincika mini gidan Berg ɗin nan, ko akwai sauransu. A gaishe su. Kana ji na?"

"Ina ji, Baffa!"

"To yaya ake kashe abin nan?"