Layar da Na Ɓoye a Hammata

Itacen ɗorawa ne ya kayar da ni a gonarmu ta Kahu, ana saura 'yan shekaru a ba ƙasar nan mulkin kai. Kafaɗata ta dama ta goce, har ƙashi ya tsage. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa abin ya faskara, sai da aka kai ni asibitin birni aka yi mini aiki. Na warke sarai, in ban da tabon ɗinki kamar bakin buhu.

Ni kuwa tun ina ƙarami ba abin da nake ƙauna irin kakin soja. Da aka yi shela za a ɗauki sababbin sojoji a Rano, ban tsaya shawara da kowa ba. Ranar tafiya Inna ta ɗaura mini wata laya a damtse, ta ce, "Kada ka bari ido ya gan ta."

A wurin awo aka ce kowa ya tuɓe riga. Na yi wuf na zare layar, na cusa ta a hammatar dama, na matse. Likitan, wani Bature, ya ga tabon, ya ce ta bakin tafinta in ɗaga hannuwa sama. Na hagu ya miƙe sak, na dama kuwa ya tsaya rabin hanya. Ya girgiza kai, aka ce in koma gefe. Ni da nake cilla damin dawa kan rumbu da hannun nan! Baƙin ciki kamar ya kashe ni.

Ina zaune ina cizon yatsa, sai wani tsohon saje, mutumin Fammar, ya hango igiyar fata tana reto.

"Kai samari, mene ne wannan a hammatarka?"

Na raɗa masa cewa laya ce.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Sakarai! Mu da muka je yaƙin Bama, wa ya ce maka ba mu tafi da namu ba?"

Shi ya roƙi likita a sake duba ni. Na ɗaga hannu, laya ta faɗo a gaban kowa. Likita ya juya kafaɗar gaba da baya, ya sa na ɗaga buhun yashi sama da kaina, sannan ya sa hannu cewa aikin da aka yi mini ba zai hana a ɗauke ni ba.

Na isa gida baki har kunne. "Inna, layarki ta ci!"

Ta ce, "Ba ta ci ba, ɗan nan. Cewa na yi wa malam ya yi mini wadda za ta sa a ƙi ka."

Ta share ido da gefen mayafi, ta jawo turmi ta fara daka mini dakuwar guzuri. Layar nan ban ƙara rabuwa da ita ba, sai ranar da aka sallame ni na dawo na danƙa mata a hannu.