Kunnen Hagu na Baba Gwaji

Ƙarfe bakwai na safe yake buɗe ƙofar baya ta ɗakin taro, ko da kuwa sai yamma za a fara wasa. Ya rataye rigarsa a ƙusar da ke bayan labule, sannan ya shiga warware wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Kowace waya da alamarta, ɗan salatif ja ko shuɗi ko fari, shi kaɗai ya san ma'anarsu. Idan ya gama jona su, sai ya hau dandamali, ya bi makirufo ɗai-ɗai yana ƙwanƙwasawa da yatsa, yana cewa, "Gwaji, gwaji, ɗaya, biyu." Shekara talatin da ɗaya yana faɗa wa kujeru ɗari huɗu wannan magana, babu kowa a kansu. Daga nan ya samo sunan da ya danne nasa na gaskiya, har matarsa ma Baba Gwaji take ce masa.

Abin da yake yi bayan haka shi ne ba a koyarwa a ko'ina. Sai ya kunna waƙa, ya sauka, ya taka har layin ƙarshe, ya zauna a kujerar da ke bayan ginshiƙi. Wannan ita ce kujerar da kowa ke gudu, don ko rabin dandamali ba a gani daga can. Zai zauna shiru kamar mai jiran likita, ya tashi ya je ya murɗa wani abu a teburin sauti, ya dawo ya sake zama. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya gwadawa daga layin gaba, inda manya ke zama. Ya ce, "Na gaba ko bai ji ba, zai tafa. Idan na bayan ginshiƙi ya ji, to kowa ya ji."

Ni ne mai gabatarwa a wannan ɗaki shekara sha tara ke nan, ni ne kuma mai wannan shafi da kuka saba karanta ra'ayina a ciki, kan waƙa da siyasa da duk abin da ba a tambaye ni ba. Sarkin surutu yake kirana, kuma ban taɓa samun hujjar musawa ba.

Mun daɗe muna gardama da shi a kan waƙoƙin hutun ƙarshen shekara. Ni dai ban ɓoye ba, sun ishe ni. Waƙoƙi ne da ba su wuce goma sha biyu ba, amma da zarar watan ya kama sai su bi ka kanti, su bi ka motar haya, su tare ka wurin aski, har a layin karɓar magani ba ka tsira ba. Shi kuwa da ɗaya daga cikinsu yake gwada lasifika, rani da damina. Wata rana na ce masa, "Haba Baba, don Allah ka canza mana, kunne ya gaji."

Ya ce, "Kai da kake zaune a ofis ka ji ta sau dubu. Direban da ke samun hutun kwana biyu a shekara, sau ɗaya yake jin ta a zaune, ga matarsa a gefensa. Shi nake gyara wa, ba kai ba."

Har yau ban fara son waƙoƙin ba. Amma tun daga ranar na daina rubuta cewa masu son su ba su san waƙa ba.

Mai sharar ɗakin, wadda ta riga ni fara aiki a wurin, ta ga abubuwan da mu na kan dandamali ba ma gani. Ita ta ba ni labarin ranar da wata waya ta tsinke ana tsakiyar wasa. Baba ya rarrafa ƙarƙashin dandamali, ya riƙe bakin wayar biyu a haɗe da hannunsa, yana kwance a kan ƙura, har aka gama waƙa huɗu. Da ya fito, yatsunsa sun ƙi miƙewa. Ita ce kuma ta ga ranar da muryar wata tsohuwar mawaƙiya ta dushe a gaban jama'a. Sannu a hankali ya rage jita da ganga, ya ɗaga muryarta, har ta kai ƙarshe ba wanda ya gane. Washegari na cika shafin nan da yabon mawaƙiyar, na ce shekaru ba su taɓa muryarta ba. Ko sau ɗaya ban ambaci wanda ya tallafe ta ba.

Baba, kai ne mai gyara wa kowa murya, taka ba a ji ba sai a gwaji. Kai ne na farkon zuwa, na ƙarshen tafiya, wanda babu hotonsa ko ɗaya a bangon ofishin manaja.

Lokacin zaɓe kuwa, ɗakin ba na mawaƙa ba ne. Yau jam'iyyar nan ta kama shi, gobe waccan, kowa ya zo ya zagi na jiya da makirufo ɗaya. A jikin maɓallin ƙara akwai ɗan farin salatif da Baba ya manna, iyakar inda yake kai wa kowa ke nan. Wani jigo ya taɓa zuwa ya raɗa masa ya ƙara wa mai gidansu ƙara, a ji shi har titi. Baba ya nuna masa salatif ɗin ya ce, "Ranka ya daɗe, jiya a nan na tsayar da abokin hamayyarku, kuma har bayan ginshiƙi an ji duk abin da ya faɗa a kanku. Ku ma za a ji." Shekara sha tara muna tare, ban san wa yake zaɓa ba.

Doka ɗaya gare shi da ba ya karyawa: makirufon da bai gwada da safe ba, ba ya buɗe shi. Mawaƙa sun yi fushi a kan wannan, manaja ya yi magana har ya gaji. A kan wannan doka ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ya faru.

Shekara tara da suka wuce, muna tsakiyar wasan hutun ƙarshen shekara, da rana tsaka, saura mako uku zaɓe. Ɗaki ya cika maƙil. Sai ga wani ɗan takara ya shigo da mutanensa, ya ce zai gaisa da jama'a na minti biyu. Ya zo da nasa makirufo mara waya, mai ruwan gwal, mutanensa suka jona akwatinsa a teburin Baba ba tare da sun tambaya ba. Baba ya ce ga nasa can a kan dandamali, gwadadde, a yi amfani da shi. Suka ce mai gidansu ba ya sa baki inda mawaƙa suka sa. Kafin a gama wannan jayayya mutumin ya hau, ya fara magana, baki na motsi, ba a jin komai. Aka fara dariya daga baya.

A lokacin ina kwaɗayin zama mai magana da yawunsa idan ya ci. An ɗan nuna mini alamar hakan, ni kuma na riga na fara gwada tafiyar manya a gaban madubi. Da na ji dariyar nan sai na sauko da gudu zuwa teburin sauti. Baba ya sunkuya yana duba inda suka jona, abin saurarensa manne a kunnen hagu. Na miƙa hannu ta kansa, na murɗa maɓallin har ƙarshe, na wuce farin salatif.

Ƙarar da ta tashi, duk wanda yake wurin bai manta ba. Mutane suka toshe kunne, ɗan takara ya yi jifa da makirufonsa ya fice a fusace. Baba ya zube zaune a ƙasa, tafin hannu a kan kunnen hagu. A haka ya ɗago ɗaya hannun ya lalubo maɓallin ya kashe. Ni kuwa tuni na koma kan dandamali ina ba jama'a haƙuri, ina cewa matsalar na'ura ce.

Manaja ya dakatar da shi wata uku. Magana ta bazu cewa da gangan ya yi, wai ɗan ɗaya jam'iyyar ne. Mutumin da ya ƙi ƙara wa kowa ko rabin murɗi, shi aka maƙala wa jam'iyya. Matarsa, Inna, ta yi makonni ba ta iya shiga kantin unguwarsu saboda habaici. Ni fa? A wannan shafi, a makon, na rubuta cewa lokaci ya yi da ɗakin taronmu zai sabunta kayan aiki da ma'aikata. Da hannun nan na rubuta, wanda ya murɗa maɓallin. Ɗan takarar bai ci ba, yanzu ma yana cikin jam'iyyar da ya fi zagi a shekarar, ni kuma ko kiran waya ban samu ba. A kan wannan banza na sayar da kunnen mutum da sunansa.

Da wata ukun suka cika, ƙarfe bakwai ya buɗe ƙofar baya. Ya gaishe ni kamar kullum, ya ce, "Sarkin surutu, an kwana lafiya?" Abin da ya canza shi ne zamansa a bayan ginshiƙi: ya koma karkata kai, yana juyo da kunnen dama wajen dandamali. Shekara tara ina kallon wannan karkatawa daga bayan labule. Sau nawa na shirya magana a gida, in na gan shi sai in fasa. Na riƙa gaya wa kaina ai a sunkuye yake, bai gani ba, tonawa ba za ta dawo da kunne ba.

A bana kunnen daman ma ya fara gajiya, don shi kaɗai yake ɗaukar aikin biyu. Babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya ce, ta dage ta ce ya isa haka. Ranar Asabar da ta wuce aka yi masa taron ban kwana, ni na gabatar. Tun safe ya zo ya gwada makirufon da za a yabe shi da shi. Na riƙe shi minti ashirin, na ba da labarin wayar da ta tsinke, na ba da na salatif, aka yi dariya, aka tafa. Maganar tana nan a maƙogwarona, na haɗiye ta, na kira mai jita.

Da aka watse, na same shi shi kaɗai yana naɗe wayoyi a gwiwar hannu. Na tsaya a gefensa na ce, "Baba, ni ne na murɗa maɓallin nan ranar." Ya ci gaba da naɗi. Ashe a hagunsa na tsaya. Na zaga ta dama, na sake faɗa da ƙarfi, har muryata ta dawo mini daga bangon ɗakin.

Ya ɗaure wayar da ke hannunsa, ya ajiye a akwati, sannan ya dube ni. Ya ce, "Na sani. Na ga agogonka."

Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa ba? Aka dakatar da kai, aka ɓata maka suna!"

Ya ce, "Aikina in buɗe wa mutum makirufo, ba in yi magana a madadinsa ba. Yau ma da safe sau biyu na gwada naka. Na ce ƙila yau ce."

Sai ya dafa kafaɗata, ya ce in kama masa akwatin mu kai bayan labule.

Baba, shekara tara kana buɗe mini, ina cika ɗaki da surutu, ina tsallake magana ɗaya da ta kamata. Ranar Asabar ma na tsallake. Ga ta nan yanzu, a shafin da na ɓata ka a ciki, don na gaba da na bayan ginshiƙi duk su ji: ba kai ba ne, ni ne. Ba ka yi wa kowace jam'iyya aiki ba, ba ka karya dokarka ba, kuma kunnenka na hagu a hannuna ya tafi. Inna, ki yafe mini makonnin nan da kika kasa shiga kanti. Na san na makara, kuma makarar ta fi komai ci mini rai.

Mun gode, Baba Gwaji. Mun gode da safiyoyin da ba wanda ya gani, da ƙurar ƙarƙashin dandamali, da farin salatif da ba ya sanin babba ko ƙarami. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare maka kunnen da ya rage, ka ji waƙar hutun bana a zaune, ga Inna a gefenka.

Ku kuma masu aiki, ko wane iri ne naku, ku riƙa zuwa layin ƙarshe kuna zama, ku ji yadda aikinku ke isa can. Wanda kuma yake da magana irin tawa a maƙogwaro, kada ya jira taron ban kwana. Ya je yau, ya tsaya ta gefen da ake ji.