Yakuwar da Aka Kai Coci da Saiwarta

A layinmu na Agege ba wanda yake da gona sai Mama. Gonar ma, in ka kwanta a cikinta ƙafarka za ta taɓa katanga. Ɗan tsirin ƙasa ne tsakanin bayan ɗakinmu da bakin titi, inda ake zubar da toka da fasassun kwalabe. Mama ta tsince kwalaben da hannunta, ta roƙo kashin tumaki wajen masu raguna, ta shuka yakuwa da rama. Irin yakuwar na mahaifiyarta ne. A bakin zane ta ƙullo shi lokacin da muka je gida binne Baba.

Mai gidan da muke haya Alhaji ne, yana harkar raguna a Alaba Rago, ba ya zama. Ya bar kula da gidan a hannun wani ɗan haya, dattijo a cocinmu. A gabansa Baba Dattijo muke ce masa, a bayansa kiyateka, wato mai kula da gida.

Shekarar da wayar hannu ta shigo Legas, kowa ya haukace. Duk kwanar da ka sha sai ka ga laima da tebur, mutane sun yi layi suna buga waya. Baba Dattijo ya dubi gonar Mama, ya hango shagon katako a ransa, matarsa a ciki riƙe da waya. Da ladabinsa ya zo.

"Maman yara, ki bar min wurin nan. Zan sa a ba ki fili a bayan coci."

"Bayan coci siminti ne, Baba Dattijo."

"Ai sai a zuba ƙasa."

"A'a. Nan yakuwar ta saba."

Ya yi murmushi ya tafi. Ni tun a lokacin murmushin bai yi min ba.

Da Alhaji ya leƙo gidan, sai ga tela da ɗan okada, dukansu 'yan ƙungiyar mawaƙan cocinmu, sun zo da labari: wai sun ga maciji ya fito daga cikin yakuwa, ya nufi inda yara suke wasa. Tela ya ce baƙi ne wuluk. Ɗan okada ya ce kore ne shar.

Daga bakin ƙofa na ce, "To macizai biyu ne ko ƙarya biyu?"

Mama ta kai min duka a kafaɗa. Alhaji kuwa mutum ne mai gudun rigima. Lokacin sojoji ba su daɗe da sauka daga mulki ba, gari a tsaye yake, ƙaramar gardama tsakanin mutanenmu da 'yan gari sai ta kai ga rufe shaguna. Ya ce shi ba ya son a sari ɗan kowa a gidansa, a share wurin. Da na dawo daga shagon maganin da nake aiki, an tuge komai, kafinta yana auna ƙasa.

Na kasa zama. In na shiga ɗaki in fito, in na fito in koma. Na yi tunanin kananzir da ashana, kuma ba tunanin wasa ba, har na duba inda jarkarmu take. Ana cikin haka na tuna da wani labari a Littafi Mai Tsarki, na wani sarki da ya yi kwaɗayin gonar inabin maƙwabcinsa. Mai gona ya ce gādo ce, ba zai bayar ba. Matar sarki ta shirya shaidun zur biyu, aka jefe mutumin, sarki ya shige gona. Sai Allah ya aiko annabi ya tare shi a cikinta, ya faɗa masa abin da karnuka za su yi da jininsa.

Na ɗauko kujera na kafa a tsakar gida, daidai saitin tagar Baba Dattijo, na karanta da ƙarfi kamar mai tallan magani a tasha. Da na zo kan karnuka na maimaita, sannan na yi shiru.

Mama tana tsince shinkafa, ta ce, "Ci gaba."

"Ya ƙare."

"Bai ƙare ba, 'yar nan. Ci gaba."

Na ci gaba dole. Sarkin ya yage tufafinsa, ya yi azumi, ya sunkuyar da kai, Allah kuma ya ɗaga masa ƙafa. Na rufe littafin da ƙarfi. Na ce, "Shi mai gonar fa? Ya tashi?" Mama ta zuba tsakuwar da ta tsince a murfin kwano.

Lahadin godiya ta girbi ta zo. A cocinmu, kamar yadda ake yi a gida, kowane iyali kan taho gaba da rawa ɗauke da amfanin gonarsa, dattijon da ke aiki ranar ya karɓa, ya ɗaga sama, ya faɗi abin da aka kawo da inda ya fito, jama'a su amsa da "Mun gode Allah." Amma a Legas wa ya noma me? Sai ka ji an ce sabulu daga shagon wane, taliya daga albashin wance. Mama ce kaɗai ake cewa "daga gona," kuma duk shekara tsofaffin mata sai sun yi guɗa, wasu har da share ido.

A shekarar Baba Dattijo ne yake karɓa.

Ashe yakuwar da aka tuge Mama ta kwashe ta jiƙa a bokiti bayan ƙofa. Ni na zaci miya take jira. Da safen nan ta jera ta a faranti, da saiwa, da ƙasa, da ganyen da ya fara yaushi. Matan zumuntar coci suna kaɗa tukwanen kiɗansu, Mama ta bi layi tana rawarta a hankali, ba ta kalli kowa ba. Ina bayanta.

Ya karɓa, don ba yadda zai yi. Ya ɗaga. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta zubo masa a farar riga.

"Yakuwa," ya ce. "Daga… daga…"

Kiɗa ya mutu. Na ce, "Baba Dattijo, ba a ji a baya."

Ya dubi saiwar, ya dubi tela da ɗan okada a benci na mawaƙa. Tela yana ta gyara maɓallin rigarsa.

"Daga gonar da na sa aka tuge," ya ce. "Ba wani maciji."

Ba wanda ya ce mun gode Allah. Fasto ya yi maza ya tayar da waƙa, Baba Dattijo ya zauna a bakin bagade, can gaban coci, farantin a cinyarsa, yana kuka kamar yaro. Ni na tsaya ina jiran saura. Ban san me nake jira ba, wataƙila karnuka. Mutane suka fara dafa shi, har da waɗanda na ɗauka za su tofa masa yawu.

Cikin makon ya dawo da yakuwar da kansa a bokitin wanka. Kafinta ya zo ya rage shagon, aka janye shi zuwa bakin titi. Rabin gonar ya dawo. Rabi kawai, don wai an riga an sayi waya, matarsa ba ta da wata sana'a.

Na ce, "Mama, rabi? Kuma kin yarda?"

Tana durƙushe tana danna ƙasa a gindin saiwa, ta ce, "Mutum ya faɗi laifinsa a gaban coci, me kuma kike so, kansa a faranti? Ɗebo min ruwa."

Na ɗebo ina ƙunƙuni. Ramar ba ta tashi ba, amma yakuwa ta kama, har ta yi 'ya'ya, Mama ta sake ƙulle iri a bakin zane.

Har yau in na zo ƙarshen labarin sarkin nan raina ba ya so, kuma har yau ina karantawa zuwa ƙarshe, don muryar Mama ba ta barina in tsaya a kan karnuka. Amma waya dai, duk zaman da muka yi a gidan ban taɓa bugawa a shagon nan ba. Matar takan leƙo ta ce, "'Yata, zo mana, ga layi ba kowa." In gaishe ta, in wuce ta gefen yakuwa, in taka har tsallaken layin dogo, wajen wata Bayarabiya mai jar laima.