Injin Da Na Saya Wa Hajiya

Shekarun baya da ɗan dama, matata ta gamu da shanyewar ɓarin jiki. Likitan gashin ƙashi ya ce in za ta riƙa motsa ƙafa a cikin ruwa, akwai fatan ta sake takawa. Babban ɗanmu da ke aiki a Abuja ya sa aka gina mata ɗan kwamin ninkaya a bayan gidanmu na unguwar Ɗan Iya, ruwan iya ƙirji. Maƙwabta suka sa masa suna kududdufin Alhaji. Kullum da hantsi 'yarmu takan shiga da ita, har ta kai tana taku goma sha biyu ba a riƙe ta ba. Ni ke zama a bakin kwamin ina ƙirga mata.

Sai injin da ke juya ruwan ya ƙone, ruwa ya fara kore. Ɗana ya turo hoton irin wanda za a saya, ya ce, "Baba, don Allah wannan ɗin dai, kada a canza." Abin ya sosa mini rai. Ƙuruciyata duk a fadama na yi ta ina noman rani, yau yaron da na goya zai koya mini injin ruwa?

Na hau keke zuwa wani shagon injuna a Gwallaga. Mai shagon ya duba hoton ya ce babu, sai an yi oda, mako biyu. Can gefe na hango injin ban-ruwa mai inci uku, ja, yana ƙyalli. Da fetur yake aiki, babu ruwansa da ɗauke wuta.

"Alhaji, wannan na gona ne," in ji shi. "Wancan lallaɓa ruwa yake, wannan kuwa korar ruwa yake."

Na ce, "Ɗan nan, tun ba a haife ka ba nake tayar da inji. Ɗaure mini shi."

Da kaina na haɗa tiyo. Hajiya tana kan kujerarta a inuwa, ta ce, "Alhaji, ba za ka jira yaron ba?" Na ce yau ɗin nan za ta shiga ruwa. Na ja igiya. Bai yi minti biyu ba murfin tukunyar yashin da ke tace ruwan ya tashi sama, bututun da aka binne ƙarƙashin tayil ya fashe. Kafin azahar ruwan ya tsiyaye cikin ƙasa.

Ba wannan ne ma babban laifina ba. Kunya ta hana ni faɗa wa ɗana, na kuma hana uwarsa da ƙanwarsa su faɗa. In ya kira sai in ce oda ce ba ta iso ba. Na yi ta kawo masu gyaran famfo suna fasa tayil suna tafiya. Wata biyu muna haka kafin ya zo ya gani da idonsa. Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Baba, da ka gaya mini."

Ranar da ruwa ya dawo, wata biyar sun shige. Aka saukar da Hajiya, na zauna a wurina zan ƙirga. Ƙafar ta riga ta sandare. Na ce "ɗaya", ban kai ga biyu ba. Ta dube ni ta ce, "Bar shi, Alhaji. Dama ruwan nan mura yake sa ni." Ban taɓa jin ta yi ko tari ba duk watannin da take shiga.

Ba ta ƙara takawa ba har Allah ya karɓi abarsa. Likita ya ce babu mai tabbacin da an ci gaba za ta warke. Yara ma haka suke ce mini. Ina jinsu, amma ni ne na ƙirga sha biyun nan da bakina.

Injin yana nan a zaure, lafiyarsa ƙalau. Duk rani masu lambu sukan zo aro. In sun dawo da shi sai su ce, "Alhaji, gaskiya ka iya zaɓen inji." Nakan ce su ajiye shi a bayan ƙofa.