Ƙararrawar Baba Bertalan

Ranar Laraba, huɗu ga Nuwamban 1931, da hantsi, Allah ya karɓi ranka, Baba Bertalan, mai kaɗa ƙararrawar cocinmu. Shekararka sittin da takwas.

Tun da aka ci ƙasarmu Hungary da yaƙi, manyan da suka zauna sulhu suka ja iyaka ta tsakiyar rafin garinmu. Coci da gidajenmu suka tsaya nan, maƙabarta da gidaje tara suka koma wata ƙasa. Matarka Etelka tana can kwance, mahaifiyata ma haka. Sai muka koma binne namu a bayan gonar dankali.

Kai ne ka ƙi yarda zumunci ya yanke. Duk wanda ya mutu, sai ka kaɗa uku in namiji ne, biyu in mace ce, sannan ka bi da yawan shekarunsa. Mutanen ƙetare su ƙirga su gane ko waye, su sassaƙa itacen kabari su kafa kusa da danginsa, ko da yake babu gawa a ƙasa. Na taɓa tsokanarka, na ce, "Baba, matattun ma sai an kai musu labari?"

Ka harare ni ka ce, "Ke Piroska, in ba a gaya musu ba, jira za su yi ta yi."

Ranar da ka cika ba wanda ya kaɗa maka. Mabuɗin hasumiyar da ƙararrawar take yana aljihunka, da shi muka rufe ka, don ruɗewa. Na kwana biyu ina jin ciwon abin.

Ranar Juma'a na je wanki rafi. Sai na hango sabon itace a gefen kabarin Etelka. Tsoho Gedeon, mai sassaƙa itatuwan, ya ɗaga murya daga ƙetare: "'Yata, sannunku da rashi. Mun ji tun Laraba, uku da sittin da takwas."

Na ce, "Kawu, mu ba mu kaɗa komai ba."

Ya ce, "Kaɗin hannunsa ne. Shekara sha ɗaya ina saurarensa."

Allah ya jiƙanka, ya sada ka da Etelka inda babu mai tambayar takardar wucewa. Ina yi wa 'yarka Jolán ta'aziyya, da gidajen nan tara. An ɓalle ƙofar hasumiyar jiya, amma ba wanda ya yarda ya taɓa igiyar. Baba, shekarata arba'in da bakwai. In ranata ta zo, biyu za ka fara kaɗawa, mahaifiyata na jira.